Sha Ɗaya a Takardar Likita

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Littafin nan na rubuta nauyin ƙarfe ne, da abin da na ci, da faɗin damtsena duk ƙarshen sati. Yau ban ɗaga komai ba, bari in rubuta wani abu dabam.

Doguwa tana asibiti tun shekaranjiya. Shekara uku muna ɗaga ƙarfe tare, kuma a duk jim ɗinmu mu biyu ne kaɗai mata masu shiga gasar gina jiki. Ranar Asabar da safe tana tsakiyar turin ƙafa ta ce, "Anti, ƙirjina kamar an ɗora mini buhu." Na ce saura biyar, ki ƙarasa. Ta ƙarasa. Ta miƙe, ta dafa bango, ta sulale ƙasa tana gumi mai sanyi.

Koci, mai horar da mu, shi ne ya kai mu a motarsa. A hanya bai kalle ta ba ko sau ɗaya, ni yake kallo ta madubi. Ya ce, "In sun tambaya, ƙwai da kaza da garin furotin. Iyakarta ke nan." Ya sauke mu a bakin get ya ce bari ya nemi wurin ajiye mota. Har yau yana nema.

Zuciya ce. Shekararta talatin da ɗaya. Wai wata jijiya ce ta toshe, sun zura ɗan siririn bututu sun buɗe ta.

Saura sati shida gasa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 5:30 na safe

Na sha ƙwayar yau ma. Farar ƙaramar nan ta ƙara tsoka da Koci yake ba mu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Hannuna ne ya buɗe kwalbar kafin kaina ya farka.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Daga gidan burodi na wuce asibiti da fulawa a gashin gira. Doguwa tana barci, an manna mata wayoyi a ƙirji. Kafaɗunta sun fi ƙarfin rigar asibitin, sai da suka tsaga hannun. Duk nas ɗin da ta shigo sai ta ɗan tsaya ta kalle ta, sannan ta kalle ni. Na san kallon. Shekara tara ina shan sa a layin mota da kasuwa.

Mamanta tana zaune a kujerar roba da carbi. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "'Yata, Allah Ya saka. Ke ce uwarta a wajen can." Ta ce haka uban Doguwa ya tafi, yana da arba'in da biyu, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita aiki. Ban taɓa sani ba. Doguwa ta ce mini dai babanta ya rasu tana ƙarama, ni kuma ban tambayi me ya kashe shi ba. Na san nauyin da take ɗagawa da kowace gaɓa ta jikinta, wannan ne ban sani ba.

Likitar ta same ni a baranda. 'Yar siririya ce mai tabarau, da hannu ɗaya zan ɗaga ta.

"Ke ce abokiyar atisayenta?"

"Ni ce."

"Tana shan wani abu bayan abinci?"

"Garin furotin."

"Shi kaɗai?"

"Shi na sani."

Ta kalli haɓata. Da safe na aske, amma zuwa yamma yana nunawa. Ta ce, "Malama, muryar nan taki tun asali haka take?" Na ce mura nake yi. Ta zaro takarda ta yi rubutu ta miƙo mini. Gwajin jini, ranar Juma'a, kada in ci komai kafin in zo. Na ce ai ba ni ce mara lafiyar ba. Ta ce, "To, sai ki zo ki ƙaryata ni."

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Wani ya kira wayar shago yana son burodi gwangwani arba'in. Har muka gama yana ce mini Yallaɓai. Da can ina gyara musu. Yanzu sai in ce to, za a kawo.

Oga yana alfahari da ni a gaban masu kawo fulawa, wai yana da mace mai ɗaukar buhu biyu a tashi ɗaya. Su yi ta dariya, in ɗauka, su tafa. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi.

Na sha ta safe. Zan sha ta yamma.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

An ɗebi jinin. Mai ɗibar ta ce ba ta taɓa samun jijiya mai sauƙin kamu irin tawa ba, duk ga su nan a waje kamar igiyar shanya. Na ji daɗi. Ina rubutawa ne don in tuna cewa na ji daɗi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Na koma jim. An goge wurin da Doguwa ta faɗi, injin turin ƙafar yana nan wani ƙato yana kai yana nishi. Hotonmu ni da ita yana bango inda yake, muna murza damtse, an shafe mu da mai muna ƙyalli. A ƙarƙashinsa masu sabuwar rajista suke sa hannu.

Koci ya jawo ni ofis ya rufe ƙofa.

"Gwarzuwa, ya jikin ƙanwar taki?"

"Da ka je da ka gani."

"Kin san asibiti da tambaye-tambaye. Ciwon gado ne, an gaya mini. Ubanta ma haka."

"Wa ya gaya maka?"

Ya sauya magana. Ya ce bana kambun nawa ne, matar da ta kayar da ni bara ta haihu, fili ya buɗe. Ya ce daga Litinin in mayar da ƙwayata biyu da safe. Na tambaye shi ko ƙwayar tana taɓa zuciya. Ya yi dariya ya ce wannan ai ta mata ce, mai sanyi, ko jariri ya sha sai dai ya yi ƙiba. Allura ce mai haɗari, shi ya sa bai taɓa ba mu allura ba, saboda yana ɗaukarmu kamar ƙannensa.

Na ɗaga kilo tamanin a benci sau takwas. Jikina bai san an yi komai ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Sakamako ya fito.

Likitar ta juyo da takardar wajena ta sa bakin biro a kan wata lamba. Ta ce kitsen da ke yawo a jini, wanda suke kira kolestirol, iri biyu ne. Ɗaya yana manne wa bangon jijiya yana taruwa har hanya ta ƙuntata. Ɗayan shi ne mai shara, yana kwashe wancan ya kai hanta. Mace mai shekaruna, mai sharar nata ya kamata ya haura hamsin. Ta ce mata ma sun fi maza yawansa, wata kariya ce da muke da ita tun asali.

Nawa sha ɗaya.

Mai mannewar kuma ɗari biyu da goma, kusan ninkin abin da take so ta gani. Hantata ma ta fara ƙorafi.

Na ce ba ya yiwuwa. Shekara tara ban ci soyayyen abu ba. Ina auna shinkafa a sikeli, ina zubar da gwaiduwar ƙwai, ko burodin da nake gasawa da hannuna ba na ci. Na ɗaga riga na nuna mata cikina, na ce ta nuna mini inda kitsen yake.

Ta ce, "Ba a madubi ake ganinsa ba. Irin wannan lambar ba abinci ke kawo ta ba. Sitiroyid na haɗiya ne yake yin haka, saboda ta hanta yake bi, can kuma ake sarrafa kitsen. Cikin 'yan makonni yake rusa mai kyan, wato mai sharar." Ta cire tabarau. "Ba ni da hurumin kama kowa. Amma ƙawarki tana kwance, na ga lambobinta, ina kuma zaɓar mata magani a cikin duhu. Na tambaye ta, ta ce garin furotin. Ke ma kin ce garin furotin. Da alama mai garin nan ya iya koyarwa."

Na tambaye ta ko zai dawo daidai. Ta ce in na daina, galibi yana farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Abin da ya riga ya manne a jijiya kuwa ba ta yi mini alkawari ba. Muryar ma ba ta yi mini alkawari ba.

Koci ya ce sha ɗaya da safe, sha ɗaya da yamma. Ga shi na samu sha ɗaya a takarda. A motar haya na yi ta dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 5:35 na safe

Ban sha ba.

Talata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na sha rabi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Yaya ta ga takardar. A gidanta nake zaune tun da aurena ya mutu, ɗakina yana jikin ɗakin ɗinkinta, kuma babu abin da zai shiga gidan nan bai bi ta hannunta ba. Wai tana neman almakashi ne a jakata.

Ta tsayar da keke ta ce, "Wannan jan layin da aka ja a ƙarƙashin lambobin fa?"

Na ce ba komai.

"Ba komai ne ya sa kike aske gemu da rezar da nake farke ɗinki? Ba komai ne ya sa shekara guda ban ga kin sayi audugar mata ba? Ni ba makauniya ba ce, auta. Shiru na yi don in na yi magana sai ki ce ina baƙin ciki da ke."

Haka nake cewa, gaskiya ne. Ita ce ta ɗinka mini kayan hawa dandamali na farko tana kuka tana ɗinki, wai abin da za a rufe kan tulu da shi ya fi wannan yadi. Amma ta ɗinka, ta kuma sa masa duwatsu.

Na ce mata lokacin da mijina yake jefa ni jikin bango ba wanda ya kai jinina gwaji. Ina da kilo arba'in da takwas a lokacin, kowa yana cewa ga mace har mace. Ranar da na fara ɗaga abin da ya fi shi nauyi na daina tsoron kowa. Yanzu kuma an ce jikin da na gina shi ne zai kashe ni.

Ta ce, "Ƙarfen ne ya raba ki da tsoro ko ƙwayar?" Ta ci gaba da taka kekenta.

Ba ta da hurumin yi mini wannan tambayar.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 5:30 na safe

Ban sha ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3:10 na rana

Ban sha ba. Doguwa ta farka sosai, an mayar da ita babban ɗaki. Da Mama ta fita ɗebo ruwan zafi ta kama hannuna ta ce, "Anti, ba ki faɗa ba ko?" Na ce ban faɗa ba. Ta ce yauwa. Ta ce in Mama ta ji, ita da ƙarfe har abada.

Leɓenta a bushe, hannunta duk shaidar allura, abin da ya dame ta ke nan.

Ba ni na ce ta yi shekara biyu tana sha babu hutu ba. Ni nakan huta wata biyu a tsakani. Na gaya mata ta riƙa hutawa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ba ni na ce ta ninka ba. Koci ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Tun safe nake kewaya abin nan, bari in rubuta shi in huta.

Shekara biyu da suka wuce Doguwa ta zo ta biyar a gasarta ta farko. Na same ta a ɗakin canza kaya ta kifa kai a jikin loka tana kuka, man jikinta yana bin ƙafarta. Ta ce, "Anti, abin da kike ci nake ci, abin da kike ɗagawa nake ɗagawa. Me ya sa ni ba na fitowa?" Na buɗe jakata na zazzago ƙwayar guda goma a tafin hannunta. Na ce ta mata ce, mai sanyi. Ni na kai ta ofishin Koci da suka ƙare.

Har rungume ni ta yi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na kai wa likitar kwalbar. Na gaya mata tun yaushe, guda nawa, da lokacin da aka ninka wa Doguwa. Ta rubuta ba ta ɗago ba. Ta juya kwalbar ta ce ko sunan kamfani babu, Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki da yawansa.

Na ce, "Likita, ita ce ta jawo mata?"

Ta ce, "Ba zan ce ita kaɗai ba. Da alama ta gaji yawan kitsen jini daga mahaifinta, ko ba ƙwaya sai ta buƙaci magani wata rana. Amma wata rana ɗin da sai ta kai hamsin ko sittin, wataƙila. Ƙwayar ta kwashe abin da yake kare ta, ta ƙara abin da yake cutar ta."

Na so ta ce gado ne kawai. Ko ta ce ni ce kawai. Ta bar ni a tsakiya.

Ta ce dole ta yi magana da Doguwa a kai, ita kaɗai, ba a gaban kowa ba. Ta miƙo mini kwalbar ta ce in kai kantin maganin asibiti su zubar. Na sa a jaka. Layin kantin ya yi tsawo.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Labulen asibiti ba bango ba ne. Lokacin da likita take magana da Doguwa, Mama tana bayansa da flas a hannu, ta ji komai.

A baranda ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini.

"Ke kika fara ba ta?"

"Ni ce, Mama."

"Kina zuwa gidana ina zuba miki abinci kina cewa ba kya cin mai. Ina cewa ga mai kula da lafiya, Allah Ya haɗa 'yata da ta gari." Ta gyara mayafinta. "Na binne ubanta ina da goyon wata bakwai na ƙaninta. Ban san ina rainon ta ba ne don wata ta zo ta gwada magani a kanta."

Na ce ban san da ciwon babanta ba. Ta ce, "Da kin sani fa? Sai ki ba 'yar wani?"

Duk faɗin bayan nan nawa, na rasa inda zan sa shi a barandar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Kwana takwas ban sha ba. Buhu ɗaya na ɗauka yau, Oga ya ce ko azumi nake.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Labari ya riga ni zuwa jim. Ƙanin Doguwa ya je ya yi musu ihu a bakin ƙofa jiya. Da na shiga kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mutanen da nake tsaya wa a kai in sun kwanta a benci, waɗanda na sha cire wa ƙarfe daga maƙogwaro, yau ko sannu.

Koci bai rufe ƙofar ofis ba wannan karon, so yake a ji.

"Ni na taɓa ba ki wani abu?"

"Koci."

"Ina tambayarki a gaban mutane. Ni na taɓa sa miki wani abu a baki? Ke babba ce, kin ga abu a waya kin saya kin sha, kin ba yarinyar mutane. Yanzu kina neman wanda za ki shafa wa."

Na ce a cikin waccan durowar ta ƙasa yake ajiyewa, ya buɗe. Ya buɗe. Igiyar tsallake ce a ciki da tsofaffin safar hannu.

Ya ce in kwashe kayana daga loka, ya cire sunana daga gasar, ba ya aiki da masu shaye-shaye. Shekara tara. Na buɗe masa jim da asuba lokacin da yake da benci biyu da fanka ɗaya. Rabin matan da suke zuwa rage tumbi hotona suka gani suka shigo.

Hoton yana nan a bango. Na sa hannu zan cire, mai rajista ya ce kayan jim ne.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ba abin da nake so. Na dawo aiki na kwanta ina kallon silin. Yaya ta turo ƙofa da faranti ta ajiye ta fita. Kifi ne da ganye, wai ta tambayi wata kwastomarta nas abin da yake gyara jini. Na ci ina jin haushinta, ban san dalili ba.

Likitar ta ce za a yi haka, jiki zai yi sanyi, rai zai ɓaci, in ya yi tsanani in dawo. Ta ce kada in bar motsa jiki, in riƙa tafiya da sauri minti arba'in. Tafiya. Ni da nake tsugunnawa da kilo ɗari da ashirin a wuya, an ce in riƙa zaga unguwa kamar mai neman akuyar da ta ɓata.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 5:40 na safe

Damtse ya ragu da rabin inci. Gemun bai ragu da komai ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

An sallami Doguwa tun Talata. Ba wanda ya gaya mini, sai da na je na tarar da wata tsohuwa a gadon.

Kwalbar tana cikin jakata har yanzu. Na san guda nawa ne a ciki. Ba na sha, ƙirgawa kawai nake yi.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Na zaga unguwa. Wasu yara a bakin shagon mai gyaran waya suka ce ga Anti Ƙarfe, ɗaga mana babur. Da can nakan ɗaga musu bayan babur ɗin su yi ta tsalle. Na wuce kamar ban ji ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne ba wanda ya yi asara sai mu. Alƙalan gasa da suke ba wadda ta fi bushewa da faɗi maki suna nan. Masu tafi suna nan. Koci an ce ya sami wata mai gyaran gashi yana shirya ta, wai tana da ƙashi mai kyau. Ni ma haka ya ce mini.

Na sami lambarta na tura mata hoton takardata, na ce ta je ta gwada jininta kafin ta karɓi komai daga hannun kowa. Ta karanta. Ta amsa da cewa an riga an gaya mata halina.

Alhamis, 4 ga sabon wata, ƙarfe 3:00 na rana

Gwaji na biyu. Mai sharar ya hau zuwa ashirin da shida, mai mannewar ya sauko ɗari da saba'in. Hanta ta fara hucewa. Likitar ta ce hanya ta yi kyau, a sake bayan wata biyu, in bai sauka yadda take so ba za ta ɗora ni a kan magani. Ta yi murmushi, yau na fara ganin haƙoranta.

Na ce ashirin da shida ai ko rabin hamsin da kaɗan ne. Ta ce, "Sati uku da suka wuce fa?"

Na fito ban san wa zan gaya wa ba. Wadda za ta gane abin da lambar take nufi ba ta ɗaukar wayata.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 7:20 na yamma

Doguwa ta kira da kanta. Ta ce Mama ta tafi kasuwa, in zo yanzu.

Tana zaune a bakin gado da rigar barci da rana tsaka. Magunguna biyar a jere a kan teburi, Mama ta rubuta lokacin kowanne a jikin kwali. Ta rame ta wuya da kafaɗa. Kofunan da ta ci an kwashe su daga kan kabad, sai zoben ƙura inda suke.

Na fara ba ta haƙuri. Na yi ta shirya maganar tun a mota. Ta katse ni.

"Ba don kin ba ni nake fushi ba, Anti. Ni na roƙa. Don kin faɗa ne."

Na ce likita tana buƙatar sani.

"Da kin yi shiru da yanzu ciwon Baba ne kawai. Kowa ya tausaya mini, in warke, in koma. Yanzu ƙanina yana bincika jakata kamar ɓarauniya." Ta ɗaga hannun riga ta murza damtsen, ta kama fatar da yatsa biyu ta ja. "Dubi. Wata ɗaya. Shekara shida na yi ina gina shi."

Na ce nawa ma haka.

Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Akwai saura a wajenki?"

Na yi zaton ban ji daidai ba.

"Rabi kawai a rana. Ba don gasa ba, don kada in narke gaba ɗaya. Ga maganin kitse ina sha, ai zai tare. In ba ki ba ni ba zan samu a wani wuri, kin san zan samu. Gara taki, na san irinta."

Jakar tana kan cinyata, kwalbar tana aljihun gefe, tsakanin hannuna da ita bai kai taƙi ba. Na ce na zubar tuntuni. Ta daɗe tana kallona, ta san fuskata in ina ƙarya, tare muka yi wa likita.

Ta ce, "To, ki gaida Yaya." Ta juya ta fuskanci bango.

Daga can na wuce asibiti. Layin kantin maganin ya fi na rannan tsawo. Na bi shi har ƙarshe.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na jira Mama a bakin layinsu. Da ta gan ni ta so ta canza hanya, na sha gabanta. Na ce ba yafiya na zo nema ba, magana ɗaya ce. Na gaya mata abin da Doguwa ta tambaye ni jiya. Na gaya mata kamannin ƙwayar, da irin wuraren da muke ɓoyewa, cikin robar bitamin, cikin safa, cikin gwangwanin garin furotin. Na ba ta sunayen mutum biyu daga jim da kada ta bari su shigo da leda. Na ce ta gaya wa likitar ranar Alhamis, ko da Doguwa ta hana.

Ta ajiye kwandon cefanenta a ƙasa ta saurara har na gama. Ta ce, "Kin san ba za ta ƙara kallonki ba?"

Na ce na sani.

Ta ɗauki kwandon. Na ce in kai mata ciki, ta ce a'a. Ta yi taku uku ta tsaya, ba ta juyo ba ta ce, "Ke naki jinin fa?"

Na ce ashirin da shida.

"Nawa ake so?"

"Hamsin."

Ta ce Allah Ya ƙara, ta shiga gida.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 1:50 na rana

Saƙon Doguwa ya shigo ina tsaye a bakin tanda. "Kada ki ƙara zuwa. Kada ki ƙara kirana ƙanwarki." Na karanta sau biyu, na sa wayar a aljihu, na fitar da gwangwanayen kafin su ƙone.

Ba zan je ba.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Jibi ne gasar. Yaya ta ce in raka ta sayen yadi ranar, na ce to.

Ƙarfe biyar da wani abu wata lamba da ban sani ba ta kira. Mama ce, daga wayar maƙwabciya, don kada a gani a tata. Ba gaisuwa. Ta ce sun dawo daga asibiti, ta sa likita ta rubuta mata sakamakon jinin Doguwa a takarda. Ta karanto mini a hankali, lamba ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsoron kada su zube. Mai kyan sha tara. Mugun ya sauko sosai saboda maganin.

Ta ce, "Sha taran nan, ci gaba ne ko?"

Na ce daga nawa ta tashi?

"Takwas."

Na ce ci gaba ne, Mama.

Ta ce ta tsinci guda huɗu a cikin safa shekaranjiya, ta zuba a masai. Doguwa ba ta yi mata magana tun ranar. Ta ce za a sake gwajin bayan sati shida, za ta kira ni in fassara mata. Ta kashe kafin in amsa.